Ko Kun Sani? Maganin Sanƙo Asalinsa na Hawan Jini Ne

Minoxidil, wanda ake shafawa a kai don gashi ya tsiro, da farko ƙwayar hawan jini ce. Likitoci suka lura gashi na fito wa masu shan ta a goshi da kumatu, har da bayan hannu. A 1988 Amurka ta amince da na shafawa, mai suna Rogaine.

Yana son haƙuri: sai wata uku zuwa shida ake ganin canji, kuma da an daina, abin da ya tsiro ya zube. Inda kitso mai tsauri ya cinye gaban goshi har fatar ta yi tabo kuwa, ba ya tsinana komai. Don Allah mata, a sassauta kitso tun saiwar gashin tana da rai.