Mai Jirgi da Mai Bashin Taru

Jama'a, a shekarar 1968 aka gama ginin madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan Kwara ya taru ya zama tafki, ya cinye gungaye da fadamu da garuruwa. Mutum fiye da 40,000 aka tasa, aka gina musu sababbin gidaje a tudu. Gungawa da yawa masu noman albasa a bakin kogi suka rasa gonakinsu.

Tafkin ya kawo kifi, amma ba kowa ya samu daidai ba. Su a babban ruwa sai da jari. Mai kuɗi ya sayi jirgi mai inji da babban taru, ya ɗauki 'yan aiki. Wanda ba shi da hali kuwa sai ya je wurin dillalin kifi ya karɓi bashin taru. Sharaɗin shi ne, duk abin da ya kamo ba zai sayar wa kowa ba sai dillalin, a kan kuɗin da ya yanka masa. Kafin bashi ya ƙare taru ya yage, sai a ƙaro wani. Ba kowane dillali ne macuci ba, akwai masu tsoron Allah. Amma lissafin yana cikin littafinsa, mai bashi kuwa bai iya karatu ba.

To, me ya haɗa wannan da makaranta? Tun 2004 doka ta ce karatun yaro na shekara 9 kyauta ne, kuma tilas. Gaskiya ne. Sai dai mai bashi ba ya iya biyan ɗan aiki, ɗansa shi ne ɗan aikinsa. Tun asuba yaron yana cikin kwalekwale. Ya zo aji a makare, ba karin kumallo, ba fensir, ya kifa kai ya yi barci. Ranar kasuwar Yelwa ko ta Wara ba a ganinsa sam. 'Yar'uwarsa tana wajen banda ko talla. Ɗan mai jirgi kuwa kullum yana nan da littafinsa.

Bayan shekara 3 ɗaya yana karanta wasiƙa, ɗaya bai gama sanin baƙaƙe ba. Sai a ce wannan haziƙi ne, wancan daƙiƙi. A ganina ba a yi masa adalci ba, kwanakin zuwansu ya kamata a fara ƙirgawa. In ya ji kunya ya daina zuwa, nan gaba shi ma wurin dillali za shi, ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba.

Darasinmu na gaba lissafin bashi ne. Kowa ya zo da takarda da fensir. Za mu rubuta abin da aka karɓa a hagu, kifin da aka kai a dama, mu ɗebe mu ga saura.