Takobin da ake naɗewa a ƙugu

Yau Kerala za mu leƙa, can kudancin Indiya, gidan wasan faɗa na kalaripayattu. Makamin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne urumi, takobi mai lanƙwasa kamar bulala, har a ƙugu ake naɗe shi.

To, a 1878 Turawan Ingila suka kafa dokar makamai: Ba'indiye ba ya riƙe takobi sai da lasisi, Bature kuwa an ɗauke masa. Kun ji son kai! Makarantun faɗan suka yi ta raguwa. Malaman da suka rage suka ci gaba da koyarwa a ƙauyuka, suna haɗawa da tausa da ɗorin karaya, har aka farfaɗo da wasan a garin Thalassery cikin shekarun 1920.