Fanshon Ƙasa Biyu: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya san jama'armu a nan Libreville ya san cewa cikin masu aikin albashi kaɗan ne suka yi aikinsu a ƙasa ɗaya tak. Wani ya fara tuƙi a wani kamfani a Maraɗi ko Yamai kafin ya gangaro Gabon. Wani ya yi shekaru yana gadi a Duwala. Wani malamin makaranta ne daga Kano ko Zariya da ya zo koyar da Ingilishi, wani kuwa yana nan tun zamanin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Owendo zuwa Franceville, wadda aka kammala a 1986. Kowannensu an yanke masa wani abu daga albashi, a kowace ƙasa, da sunan fansho. Tambayar da ba mu cika yi ba sai furfura ta rufe kai ita ce: shin waɗannan shekarun da aka warwatsa a ƙasa biyu ko uku za su haɗu su zama fansho, ko kuwa kowace za ta tsaya inda aka bar ta?

Amsar ita ce ba sa haɗuwa da kansu. Kowace ƙasa da littafinta, da shekarun da ta yanka, da ranar da take fara biya. Wanda yake son ya ci guminsa sai ya san lissafin kowace tun yana da sauran ƙarfi.

Kowace ƙasa da ma'auninta

Mu fara da inda muke zaune. Ma'aikatan kamfanoni da na masu zaman kansu a Gabon suna ƙarƙashin asusun CNSS. Dokar da ta kafa tsarin, ta ran 25 ga Nuwamba 1975, ta shimfiɗa sharuɗɗa uku bayan cikar shekarun haihuwa: mutum ya kai shekara 20 da yin rajista, ya zamana an biya masa aƙalla wata 120 a cikin shekara 20 na ƙarshe, sannan ya ajiye aikin albashi. Shekarun ritaya a da 55 ne, daga baya aka mayar da su 60 ga yawancin ma'aikata. Mai karatu ya lura da sharaɗi na biyu da kyau. Mutumin da ya yi aikin kamfani yana saurayi, sannan ya koma kasuwanci a Mont-Bouët shekara da shekaru, yana iya kaiwa 60 ya tarar watanninsa sun yi masa nisa a baya.

A Nijar, CNSS ta can tana neman shekara 60 da wata 180 na biya. A Kamaru, asusun CNPS yana neman shekara 60, da shekara 20 da rajista, da wata 180, waɗanda 60 daga cikinsu dole su faɗo a shekara 10 na ƙarshe. A Gana ma, asusun SSNIT wata 180 yake nema bisa dokar 2008.

Nijeriya kuwa ta canza hanya gaba ɗaya a 2004, aka sake dokar a 2014. A can kowane ma'aikaci yana da asusun ajiyarsa na kansa a hannun kamfanin fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashi, mai aikin yana zuba 10. Kuɗin na mai su ne ko ya bar ƙasar, amma ba ya fara cin fansho daga ciki sai ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50. Wato a can kuɗi ake ƙirgawa, a nan kuwa watanni.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ce mutum ya yi shekara 8 a Nijar, 7 a Kamaru, 8 a Gabon. Ya yi aikin shekara 23 cur, amma babu ƙasa ɗaya da ya cika ma'auninta. In babu abin da ya haɗa littattafan nan uku, abin da zai samu bai wuce kuɗin sallama da ake biya sau ɗaya ba, waɗanda kan ƙare kafin shekara ta zagayo.

Yarjejeniyoyin da ke haɗa shekaru

Abin da ke haɗa littattafai shi ne yarjejeniya tsakanin gwamnatoci. Ran 21 ga Satumba 1993 ƙasashe 14 masu amfani da kuɗin yankin faran suka sa hannu a Abidjan kan kafa ƙungiyar CIPRES, mai hedkwata a Lome, don kula da asusun ma'aikata na ƙasashensu. Gabon da Nijar da Kamaru da Cadi duk suna ciki. A watan Fabrairu 2006, a Dakar, ƙungiyar ta fitar da yarjejeniyar da ta shafe mu kai tsaye. Ta ce a ɗauki baƙon ma'aikaci daidai da ɗan ƙasa, a tara masa watannin da ya yi a ƙasashen ƙungiyar wajen duba ko ya cika sharaɗi, kuma a biya shi ko da ya koma garinsu. Sai dai irin wannan takarda ba ta hawa kan ƙasa don minista ya sa hannu kawai. Sai ƙasar ta tabbatar da ita bisa dokarta, kuma ƙasashen ba su yi hakan lokaci guda ba. Saboda haka tambaya ta farko da mutum zai yi a ofis ita ce ko yarjejeniyar tana aiki tsakanin Gabon da ƙasar da ya fito, ya kuma nemi a ba shi amsar a rubuce.

Yadda lissafin yake in tana aiki ba shi da wuya. A ce wani ya yi wata 96 a Nijar, wata 144 a Gabon, jimla 240. Nijar za ta duba jimlar ta ga ya wuce 180, sai ta lissafa abin da zai samu da a ce duk a can ya yi su, sannan ta biya shi rabonta, wato 96 cikin 240, kashi biyu cikin biyar ke nan. Gabon ma ta yi nata lissafin ta biya kashi uku cikin biyar na abin da dokarta ta ba shi. Ba a kwashe kuɗin wata ƙasa a kai wata. Kowace tana biyan nata, a lokacinta.

'Yan Nijeriya da 'yan Gana sai su sani cewa ƙasashensu ba sa cikin CIPRES. Ƙungiyar ECOWAS tana da tata yarjejeniyar makamanciyar wannan, wadda shugabanni suka amince da ita a Abuja a 2013, amma Gabon ba ta cikin ECOWAS, ita 'yar Afirka ta Tsakiya ce. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. Malamin da ya yi shekara 10 a Kano ya zo ya yi 10 a Libreville, to, littafi biyu yake da su waɗanda ba su san juna ba, dole ya bi kowanne daban.

Ga waɗanda suka taɓa aiki a Faransa akwai sauƙi. Gabon da Faransa sun ƙulla yarjejeniya ran 2 ga Oktoba 1980, ta fara aiki a 1983. Nijar ma tana da tata da Faransa tun 1973. Amma Faransa ba ta biyan yawancin ma'aikata sai sun haura shekara 62, kuma ba ta biyan watannin da suka wuce kafin mutum ya shigar da takardarsa. Wanda ya ajiye aiki a nan yana da 60 sai ya tanadi abin da zai riƙe gida kafin rabon Faransa ya fara zuwa.

Ranar tashi ita ce komai

Yawancin asarar da muke gani ba daga doka take zuwa ba, daga gaggawa take. Mutum ya gaji da zaman baƙunci, ko kamfani ya rage ma'aikata, sai ya ɗaure kaya ya nufi gida alhali wata shida ko takwas suka rage masa ya cika ma'auni. Manyanmu ba su manta da farkon 1995 ba, lokacin da aka tsananta maganar katin zama, dubban baƙi suka bar Gabon cikin 'yan makonni. Wanda ya tashi a irin wannan hali takardar albashi ba ta gabansa. Shi ya sa ya kamata kowa ya san adadin watanninsa kamar yadda ya san adadin 'ya'yansa.

Abu na biyu shi ne kuɗin sallama. In aka miƙa wa mutum kuɗi a dunƙule yakan ga kamar ya tsinci dami a kala, amma galibi wanda ya karɓa ya rufe littafinsa ke nan, waɗannan watannin ba za a sake ƙirga su ba. Kafin a sa hannu a tambaya ko akwai hanyar ci gaba da biya da kai har a cike giɓin. Kamaru, alal misali, ta buɗe wannan ƙofa ga masu sana'ar kansu tun 2014, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a 2019.

Abu na uku shi ne irin kuɗin da za a biya mutum da su. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai karɓar fansho daga Faransa ya wayi gari kuɗinsa sun ninka, mai karɓar sefa kuwa ya ga kayan kanti sun yi tashin gwauron zabi. A watan Yuni 2023 aka saki naira, darajarta ta faɗi ƙwarai. Sefar Gabon da ta Nijar darajarsu ɗaya, amma bankunan da ke buga su daban ne, kuma aika kuɗi tsakaninsu yana da lada. Wanda zai zauna a wata ƙasa ya ci fanshon wata sai ya sa wannan a lissafi.

Takardun da za a tara tun yau

Na farko, lambar rajista ta kowace ƙasa. Na biyu, takardun albashi da takardar shaidar aiki daga duk inda aka yi aiki, domin kamfani yakan rufe, shaidar da ke hannun ma'aikaci ita kaɗai ta rage. Na uku, a je ofishin asusu a nemi takardar da ke jera watannin da aka biya wa mutum. A nan Gabon mai aiki yana kai bayanin albashi ga asusu duk wata uku, kuma yanke kuɗi daga albashi ba shi ne shaidar cewa sun isa asusu ba. Giɓin da aka gano yau ana iya cike shi, wanda aka gano bayan shekara 15 sai dai haƙuri.

Na huɗu, suna da ranar haihuwa. Mu malaman makaranta mun san wannan ciwo daga rajistar ɗalibai. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar Kano, Mahamadou a ta Yamai, Mamadou a ta Libreville. A wata takarda an rubuta an haife shi wajen 1966, a wata an sa 1969. Ma'aikacin ofis ba ya aiki da sanayya, abin da ke rubuce yake bi, kuma bambancin shekara uku yana iya jinkirta fansho shekara uku. Gyaran irin wannan sai kotu, kuma yana cin lokaci.

Na biyar, iyali. In mai gida ya riga mu gidan gaskiya, matansa da marayunsa suna da rabo a fanshonsa, amma ofis takardar aure ta hukuma da takardun haihuwar yara yake nema. Auren da aka ɗaura a gaban liman da shaidu aure ne cikakke a wurinmu, sai dai in ba a kai shi ga hukuma an rubuta ba, gwauruwa tana iya yin sintiri a banza. Haka kuma mai gida ya gaya wa iyalinsa ƙasashen da ya yi aiki da inda ya ajiye lambobinsa.

Na ƙarshe, ba a biyan fansho sai an nema, kuma bayan an fara biya akan bukaci takardar shaidar cewa mutum yana raye lokaci-lokaci. Wanda zai koma Damagaram ko Garwa ko Katsina ya tambaya tun yana nan yadda zai riƙa aiko da ita, da bankin da za a riƙa zuba masa kuɗin. Gwamnatoci suna yi wa dokokin nan gyara, don haka duk shekara biyu ko uku a sake leƙawa a ji abin da ya canza.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan ƙasa da limamai da su ware rana guda a shekara, a zauna da masu karatun Faransanci cikinmu, kowa ya zo da takardunsa a duba masa. 'Ya'yanmu da suka yi makaranta a nan za su iya wannan aikin cikin yini ɗaya. Wanda ya kai shekara 45 bai san yawan watanninsa ba, ya fara da wannan watan. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu ci guminmu da ƙoshin lafiya, amin.