Mai Tsaron Numfashi a Ɗakin Tiyata

Yau ɗakin tiyata za mu leƙa, amma ba wurin mai riƙe da wuƙa za mu tsaya ba. Za mu zagaya ta wajen kan majiyyaci, inda wani ke zaune, ido a kan na'ura, hannu a kan jakar iska. Shi ne mai ba da allurar barci.

Masu cire haƙori ne suka fito da wannan aiki fili. A 1844, Horace Wells na garin Hartford a Amurka ya shaƙi iskar naitiros oksaid, ya sa aka cire masa nasa haƙorin. Da ya je nuna wa likitocin Boston, wanda ake cire wa haƙorin ya yi ƙara, aka yi wa Wells ele-ele. Ranar 16 ga Oktoba 1846 tsohon abokin aikinsa, William Morton, ya shaƙa wa wani saurayi sinadarin eta a Babban Asibitin Massachusetts, aka yanke masa ƙari a wuya bai ji zafin yankan ba. Kafin nan kuwa, ƙarti ake samu su danne mutum, gwanin likita shi ne mai saurin hannu.

Sai dai a yi wa Japan adalci. Tun 1804 likita Hanaoka Seishu ya yi wa wata mata aikin kansar nono tana barci, kuma jigon haɗin nasa zaƙami ne, wannan dai da ke fitowa a bayan gari. Kada wani ya ce zai gwada, don zaƙami kisa yake yi.

To, sa mutum barci ba shi ne wuyar aikin ba. Maganin da ke ɗauke hankali shi ne kuma ke raunana numfashi, ya kashe tarin da ke hana abu faɗawa huhu. Dalilin hana abinci ke nan awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Sai ka ga mai jinya, don tausayi, ta ɓoyo kofi a cikin mayafi tana cewa, "Ɗan kunu ne fa, sha ki ji ƙarfi." Idan kunun nan ya dawo majiyyaciyar tana barci, huhu zai nufa. In har an sha, a gaya wa likita. Gara a ɗaga aikin.

Saboda numfashin nan ne ake fi son allurar baya ga mai haihuwa ta hanyar aiki, dabarar da August Bier ya soma a Kiel ta Jamus a 1898. Za a ce mata, "Zauna, ki rungume matashi, ki sunkuya." Sai a zura siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare. Cikin 'yan mintuna ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, daga ciki zuwa ƙasa ya mutu murus. Idonta biyu, da kanta take numfashi, kukan jaririnta na farko a kunnenta. Jini kan sauka, shi ya sa ake ɗaura ruwa ana ta awo, wasu kuma kan yi ciwon kai daga baya. Amma shanyewar ƙafa da ake tsoratar da mata da ita, da ƙyar ake ganinta. Bayan 'yan awoyi ƙafar ke dawowa.

Likitan dabbobi ma lissafinsa ke nan. Saniya ba a son kwantar da ita da maganin barci, don tumbinta ba ya daina tara iska: ciki ya kumbura ya danne huhu, abin tuƙa ya kwararo maƙogwaro. Shi ya sa idan maraƙi ya ƙi fitowa, sau da yawa tana tsaye ake yi mata aiki. A aske kwiɓin hagu, a tsira lidokain, a tsaga. Lidokain ɗin nan, da aka haɗa a Suwidin a 1943, shi ne dai likitan haƙori ke tsira maka a dasashi, leɓe ya yi kamar ba naka ba.

A ƙananan asibitocin Afirka kuwa, inda wuta da iskar oksijin kan yi wuya, ketamin ne ke rufa asiri. An haɗa shi a 1962, ana iya yinsa a tsoka, kuma galibi yana barin mutum ya yi numfashi da kansa, duk da haka sai da mai sa ido. Aibinsa wajen farkawa ne, don yana kawo gane-gane da sambatu. Saboda haka idan an fito da ɗan'uwanku yana kiran sunayen da ba ku sani ba, kada a ruga neman mai ruƙiyya. A rage haske, a rage hayaniya, a sanar da ma'aikaciyar jinya.