Burodin jinjirin wata na Ajantina: yadda za a gasa shi a gida ko da babu lantarki

Wanda ya taɓa shiga gidan burodi a Tawa ko Yamai ya san kurwasan, burodin nan mai siffar jinjirin wata da muka gada wajen Faransawa. Asalinsa daga birnin Viyana na ƙasar Ostiriya ne. Wani mai suna August Zang ya buɗe gidan burodi irin na Viyana a Paris a ƙarshen shekarun 1830, daga nan Faransawa suka mai da shi nasu. Mutanen Ajantina su ma suna da irin nasu, suna ce masa medialuna, wato "rabin wata". Ya fi kurwasan ƙanƙanta da taushi, kuma da shi ake karya kumallo a Buenos Aires, haɗe da kofi da madara.

To, me ya haɗa mu da shi? Matan Madawa, Buza da Keita da ke sana'ar fanke, cincin da alkaki za su iya ƙara shi cikin hajarsu, don suna, biki ko buɗa-baki. Sai dai fulawa da mai ba arha gare su ba, kuma in ba a san sirrin ba, jari sai ya narke a faranti.

Sirrin yana ga mai. Ana shimfiɗa mai tsakanin kwaɓin fulawa, a ninke, a murza. In ya shiga wuta, tururi ya ɗaga kowane falle daban, shi ya sa cikinsa ke fitowa ninki-ninki. Amma bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, alhali a bazara Adar na wuce 40. Da zarar ta narke sai kwaɓi ya shanye ta, a samu burodi mai nauyi kawai. Man shanunmu da aka soya shi ma ruwa yake zama da wuri.

A nan ne dabarar Ajantina ta yi mana daidai. Iri biyu gare su: na bota, mai zaƙi, da na kitsen saniya, siriri mai ɗan gishiri. Kitse ya fi bota jure zafi, kuma ana samunsa wajen mahauta. A narkar da shi a wuta kaɗan-kaɗan, a tace, a bari ya daskare.

Kayan haɗi: fulawa rabin kilo, ruwa ko madara kusan kwata ɗin lita, yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 2, kitse giram 150 da aka cuɗa da fulawa cokali 2 har ya yi laushi.

A kwaɓa komai ban da kitsen, a murza minti 10, a rufe ya huta rabin awa. A shimfiɗa shi, a shafe kitsen a kai, a ninke gida uku kamar zane. A murza, a sake ninkewa, har sau uku, ana ba shi hutun minti 20 a tsakani. Wadda ba ta da firji ta sa kwaɓin a kwano mai murfi, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye kusa da randa. Aikin ya fi kyau da asuba, ko a watannin sanyi, Disamba da Janairu.

Daga nan a shimfiɗa shi siriri, a yanka mai kusurwa uku, a naɗe daga faɗi zuwa tsini, a lanƙwasa bakin biyu. A jera a faranti kusa da juna, a bari ya kumbura ya kusa ninka girmansa.

Babu tanderun zamani? Babbar tukunya ta isa. A zuba yashi mai tsabta a gindinta, a bari ya yi zafi sosai, a ɗora farantin bisa duwatsu uku, a rufe, a zuba garwashi bisa murfi. Minti 15 zuwa 20 zai yi ja. Kada a riƙa buɗewa, zafi ne ke gudu. Mai son zaƙi ta dafa sukari da ruwa daidai-wa-daida, ta shafa tun yana da zafi.

Shawara ga mai son sana'ar: fara da rabin kilo, ki lissafa kuɗin fulawa, kitse da gawayi kafin ki yanke farashi. Kuma ki gasa daidai abin da zai ƙare a yini, don ba a sa masa maganin hana lalacewa, kwana biyu ya yi tauri.