Ire-iren Tsarin Gwaji a Binciken Harshe, da Misali daga Iyakar Jibiya

Manufar kowane gwaji ita ce a tabbatar da cewa abu kaza ne ya haddasa abu kaza, ba wani abu dabam ba. Manyan tsare-tsarensa uku ne.

Na farko shi ne na rukuni ɗaya. Malami ya jarraba yara, ya koya musu karatu ta sabuwar hanya, sa'an nan ya sake jarraba su. Wannan ba shi da wuya, ba shi kuwa da tsada. Aibinsa shi ne ba a iya rarrabe amfanin hanyar da na girman yaran, ko na sabonsu da jarrabawar.

Na biyu shi ne na rukuni biyu da aka raba da ƙuri'a, watau ɗaya a bi da shi ta sabuwar hanya, ɗaya a bar shi bisa tsohuwa. R. A. Fisher ne ya shimfiɗa ƙa'idodinsa cikin littafinsa na 1935, bayan aikinsa a gonar gwaji ta Rothamsted, a Ingila. Ƙuri'a ba ta da son kai, saboda haka hujjar wannan tsari ta fi ƙarfi. Amma fa ba kowane al'amari ke rabuwa da ƙuri'a ba.

Na uku shi ne wanda mai bincike ke tarar da rukunonin a rabe, irin waɗanda Campbell da Stanley suka bayyana a 1963. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ta bar Farfaru da Jibiya a hannun Ingilishi, Maraɗi a hannun Faransa. Nan ana cewa lori da fensir, can kuwa kamiyo da kiriyo. Babu masanin da zai iya shirya gwaji mai tsawon zamani haka. Sai dai ba ƙuri'a ce ta ja iyakar ba. Tun bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka koma arewa suka kafa mulkinsu a Maraɗi, saboda haka wani bambancin ya girmi zuwan Turawa. Ga kuma kasuwa da auratayya suna cakuɗa bakin mutane kullum.

Don haka wanda zai tattara kalmomi a Farfaru, wajibi ne ya rubuta inda aka haifi kowane mai magana, da inda ya yi karatu, da kasuwar da yake ci, kafin ya ɗora wa iyaka alhakin kowane bambanci.