Yaro Na Jinyar Daji, Iyaye Na Kwana A Baranda

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da dama ko kashi 30 ba a kaiwa. Shi ya sa a 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu warkewa kashi 60 kafin 2030.

Za a ce tsadar magani ce da ƙarancin likitoci suka jawo wannan tazara, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: iyaye kan tattara yaro su koma gida tun jinya ba ta kai rabi ba. Ba rashin so ba ne. Dajin jini kan ɗauki shekara biyu zuwa uku ana magani. Manomin da ya taso daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa a Kano, Zariya ko Sakkwato, kowane zuwa sai kuɗin motar mutum biyu ko uku, ga abinci, ga gwaji, ga neman wanda zai ba da jini. Uwa ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta yi matashi da jakar kayanta, hankalinta rabi na kan marar lafiya rabi na kan yaran da ta bar wa kishiya ko kaka. Uban ya sayar da akuya, ya sayar da rago, damina ta zo gona ba kowa. Da kumburi ya ɗan saɓe sai a ce ai yaro ya samu sauƙi, a daina zuwa. Nan ciwon ke dawowa, kuma dawowarsa ta fi zuwansa na farko wuyar magani.

Abin takaici, irin dajin da ya fi addabar yaranmu yana jin magani in an zo da wuri. Akwai mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ya kuma fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Akwai na ƙoda, akwai na ido mai sa ƙwayar idon yaro ta riƙa farin ƙyalli. Babu ɗayansu da ake ɗauka ta hanyar zama ko cin abinci tare, ba kuwa sammu ba ne.

Wasu sun daɗe da gane cewa sai an tallafi iyali kafin yaro ya warke. A Amurka, asibitin St. Jude da aka buɗe a 1962 ba ya karɓar ko sisi daga iyaye, na magani ne, na tafiya, masauki ko abinci. A Alƙahira, da gudummawar talakawa da attajirai aka gina asibitin 57357, ya fara aiki a 2007, yana kuma duba yara kyauta. Gana ta shigar da nau'i huɗu na dajin yara cikin inshorar lafiyarta. To mu da muke da zakka da waƙafi, me zai hana a gina ko da ɗakuna goma da banɗaki da murhu kusa da asibiti saboda masu jinya?

Kafin masu hali su motsa, maƙwabci ma yana da abin yi. Dubiya da "Allah ya ƙara sauƙi" tana da lada, amma kada ka tsaya tambayar me suke bukata, don kunya ba za ta bari su faɗa ba. Ka biya kuɗin motar zuwa na gaba. Ki ɗauki nauyin tuwon yaran gidan da kai su makaranta. Matasan unguwa su je su ba da jini tun ba a nema ba. Mai mota ya bar wayarsa a kunne da dare, domin yaron da ke karɓar allurar daji in zazzaɓi ya rufe shi, ba a jiran gari ya waye. Masu kawo saiwa da rubutu su sanar da likita, kada kuma su hana a koma asibiti.

Ranar 15 ga Fabrairu ce ranar tunawa da yara masu ciwon daji a duniya. Limamai da masu unguwa, ku sa wannan magana a huɗuba da taron gari.